Turken Ɗanlami

Ruwan farko ya sauka daren Talata,
muka kwana muna shaƙar ƙamshin ƙasa.
Ban tashi na duba ba
ina ya nufa bayan ya bar indararo.

Ashe ta turke ya bi.
Ya ɗebi abin da ya ɗeba a ƙarƙashin sana,
ya gangara taku goma sha ɗaya
(daga baya na auna, da ƙafata)
ya sami tsaguwar bakin rijiya,
wadda tun bara nake cewa gobe zan liƙe.

Asabar Tasalla ta ture tuwo.
Lahadi cikinta yana murɗawa kamar ana matse wanki.
Litinin uwarta ta kira ni bayan ɗaki,
ba ta ce uffan ba,
ta nuna mini ƙasa da kara.
Jini.

Gwaggo Lantana ta ce basir ne, ta jiƙa sassaƙe.
Wani ya ce baki. Wani ya ce ɗanyen mangwaro.
Ni abu ɗaya na lura da shi:
yarinya tana kuka, hawaye ba ya zuwa.

Babur ɗin Haladu, yashi, kwalbatin da ruwa ya cinye,
sai Kafin Hausa.
Suka rataya leda,
ruwa yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya
cikin hannun da bai kai kaurin rake ba.

Kwana uku, Malam Nafi'u mai gwaji ya zaunar da ni a benci.
"Kuna da dabbobi?"
Sa ɗaya, tumaki huɗu.
"Ina rijiyarku take?"
Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ya ce ƙwaya ce da ido ba ya kamawa,
gidanta hanjin shanu.
Can take zaune, ba ta taɓa mai gidan,
yana tuƙarsa, yana sheƙi.
Sai ta biyo kashi ta fito,
ta faɗa ruwa, ko nonon da bai ga wuta ba,
ko hannun da ya kwashe taki ya zarce akushi.
Na ce, Malam, san nan fa lafiyarsa ƙalau.
Ya ce, ai shi ya sa ba ka zarge shi ba.

Daren da na dawo ɗaukar zani da kuɗi
na tsaya gabansa da sanda.
Ɗanlami, don ranar Alhamis na jawo shi daga Maigatari.
Shi ya huɗe gonar fadama,
takinsa ya cika rumbun da muke ci,
kuɗin hayarsa ne a aljihuna za ni biya ledar ruwa.
Ya miƙo wuya ya lashi bayan hannuna,
harshe kamar dutsen goge kaushi.
Na jingine sandar.
Na je na wanke hannun.

Da na fara tuge turken
yayana Barau ya leƙo ta katanga:
"Baba ne ya kafa shi nan."
Na ce gaskiya ne.
Amma Baba bai haƙa rijiya a ƙasan gangara ba,
ni na haƙa.
Bai amsa ba. Can sai ga shi da diga.

Rabin buhun siminti, bashi.
Murfin ganga a bakin rijiya.
Guntun sabulu a daure da igiya, jikin tulu,
kaji suna ta tsattsagarsa.

Tasalla ta dawo, rigarta ta yi mata yawa.
Jiya na gan ta ta damƙo harawa,
tana tafiya a hankali zuwa sabon turke,
tana kiran sunansa.
Na buɗe baki, na rufe.
Na bari ya karɓa daga tafinta,
na bari ta shafa masa doro,
sannan na ɗauki buta na ce,
zo nan, uwata,
kawo hannun.